Shekarar da Allo Ya Yi Baƙi a Zauren Dagaci

Kafin in shiga wannan babi ya kamata in gaya muku, 'ya'yana, cewa ƙwaƙwalwata ba kamar da take ba. Akwai maganganun da zan sa a bakin mutane waɗanda wataƙila ba haka suka faɗe su daidai ba, akwai kuma ranakun da mai yiwuwa na kai na gaba baya. Amma gundarin abin, ina jin ban ɓata shi ba. Na rubuta ne domin na san abin da kuke ji idan kun je hutu gidan yayana, Baba Markus: wai ubanku ya ɗauki fadamar kakanku ya miƙa wa wasu da na'ura. A ɗaya tsallaken rafi kuma har gobe akwai masu cewa na so in ɓoye gaskiya ne, Allah ya tona ni. Kowanne ya taɓo wani abu, shi ya sa ban taɓa iya musa musu da ƙarfi ba.

Na daɗe ina aikin malamin gona tsakanin Kafur da Malumfashi kafin in koma karatu, har furfura ta fara fito mini ina zama aji ɗaya da sa'o'in ƙannena a Zariya. Fannin auna ƙasa da zanen taswira na karanta. A shekarar da na gama ne rigimar Gindin Kanya ta kai inda ta kai.

Gindin Kanya wani yanki ne na fadama a gabas da ƙauyenmu, bai fi a zagaye shi kafin tuwo ya huce ba, amma ƙasa ce baƙa mai riƙe ruwa, rake da tumatir suna yi a cikinta kamar an roƙa. Mahaifina, Baba Dogara, shi ke noma ta. A tsallaken rafi akwai Alhaji Sale, taubashinsa, domin uwar Baba da uban Alhaji ciki ɗaya suka fito. Mu gidanmu masu zuwa coci ne, su masu salla, amma wannan bai taɓa shiga maganar ba, kada wani ya gaya muku ya shiga. Tun kakanni an yi alkawari cewa rafi ne iyaka. Alhaji ya ce rafin ya sauya hanya a shekarar wata babbar ambaliya, ya ci cikin gonarsu, ya bar Gindin Kanya a ɓangarenmu. Baba ya ce tun da ya buɗe ido a nan ya ga rafin. Kanyar da aka sa wa wurin sunanta an sare ta tuntuni, ko kututturenta babu. Tsofaffin da za su ba da shaida kowa ya tuna abin da ya dace da danginsa.

Abin da ya fi damun gidanmu ba ƙasar ba ce. Mutanen nan biyu sun shekara sittin suna wasan taubasai. Alhaji ba ya wuce ƙofar gidanmu bai leƙo ya ce, "Ina bawan nan nawa, ya ci ko in aiko masa da ƙanzo?" ba. Baba kuma ya amsa daga ciki, "Shigo ka share mini turke tukuna." Shekara biyu ke nan sai dai su haɗu a hanya su ce "sannu," "yauwa," kowa ya wuce.

Ni na kawo shawarar kwamfuta, kuma na sha yin nadamar buɗe bakina. A wajen karatu na sami wasu tsofaffin hotuna da aka ɗauka daga jirgin sama tun kafin a haife ni, yankinmu na ciki. Na bi fadamar da ƙafa na auna tudu da kwari, na haɗa awon da hotunan a cikin wata manhaja da ke tayar da ƙasa a kan allo, ka ga tudu ya yi tudu, kwari ya yi kwari, ka juya ta ta kowace fuska kamar ƙwarya a hannunka. Takarda shimfiɗaɗɗiya ba ta yi wa dattawanmu, sun ce kowa na iya ja layi da biro. Dagaci ya yarda a kawo a gani.

Ga abin da ban taɓa faɗa muku ba. Tun a Zariya na ga amsar. Na ga tsohuwar hanyar rafin, ta bi ta yamma da kanyar, wato ta ɓangarenmu. Alhaji ne ke da gaskiya. Na dawo gida da wannan a cikina, na kasa gaya wa Baba. Na ce wa kaina bari hoto ya yi magana, ni ba ruwana. Tsoro ne, ba wani abu ba.

Sai kun san wata ɗabi'a ta gidanmu kafin ku gane sauran. Shekarun baya an taɓa kawo wuta da ƙarfin da ya wuce kima, ta ƙone rediyon Baba, da talabijin, da kusan duk abin da ke jone a unguwarmu. Tun daga ranar doka ta kafu: abu mai daraja ba a barinsa a jikin wuta. Ni kuwa na fi kowa riƙo da dokar. Kwamfutar nan ta tafi-da-gidanka ita ce abu mafi tsada da na taɓa mallaka. A gida sai in kashe ta, in yi mata caji ina zaune kusa da soket ina kallon ƙwan fitila ko zai yi wani haske na daban, da ta cika in zare caja, in naɗe, sannan in kunna ta. A Zariya kaɗai nake aiki da ita a jone, domin ɗakin aikinmu akwai na'urar daidaita wuta.

Na gwada aikin sau uku kafin in baro Zariya. Da na iso gida ban buɗe ta ba, don kada batir ya ragu.

Ranar zama zauren Dagaci ya cika har waje. Aka sa mini ɗan tebur a tsakiya. Na kunna, komai ya fito lafiya, na buɗe manhajar, sai tagar da ƙasa za ta fito ta yi baƙi ƙirin. Ga rubutu a gefe, ga kibiya tana motsi, amma inda fadama take babu komai. Na rufe na sake buɗewa. Na kashe na kunna. Baƙin dai yana nan.

"Malam Ishaya," in ji Dagaci, "ko daren wurin ka ɗauko mana?"

Aka yi dariya, amma ba kowa ba. Wani daga ɓangaren Alhaji ya ce da ƙarfi, "Ya ga abin da bai yi wa ubansa daɗi ba, ya toshe." Yaya Markus ya miƙe ya ce ai an san waɗanda suka kwana suna yi wa na'urar asiri. Da ƙyar aka zaunar da mutane. Dagaci ya ba ni kasuwa uku, wato mako uku. Ya ce in ban kawo komai ba, zai bar ƙasa a hannun mai noma ta, a rufe maganar.

A hanyar gida na ji wani sanyi a zuciyata, kuma na ji kunyar jin sa. In na'urar ta ci gaba da ƙi, Baba ya ci, ni kuma ban yi ƙarya ba. Amma mutumin da ya ce na toshe, maganarsa ta bi ni har gado. Washegari na hau mota zuwa Funtua.

Akwai wani mai gyara a wani layi bayan kasuwa, Malam Aminu, kowa na ce masa Injiniya. Mutum ne mai fara'a, shagonsa cike da gawarwakin kwamfutoci. Ya karɓa, ya ɗora a tebur, ya kunna, ya ce in buɗe abin da ke ba ni wahala. Na buɗe. Fadama ta taso tsaf, kore da ruwan ƙasa, har da kanyar.

"To, Malam, ina ciwon?"

"Wallahi jiya baƙi ta yi."

"Kunyar taro take ji, irin mai ita."

Na koma gida da murna da fargaba a haɗe. Na kunna a ɗakina. Baƙi. Bayan kwana biyu na sake komawa. Wannan karon ya buɗe cikinta, ya share fankar, ya sauke manhajar da ke tuƙa katin hoto ya sa sabuwa. Ya ce mini katin hoto shi ne ɓangaren da ke zana duk abin da ido ke gani a allo, wani lokaci shi da manhajarsa sukan saɓa. Muka gwada sau biyar, sau biyar tana yi. Na iso gida, baƙi. Na fara rubuta komai a littafi: ƙarfe nawa na kunna, da zafi ko da sanyi, a tebur ko a tabarma. Na zargi girgizar mota. Na zargi zafin ɗakina, har na fita da ita gindin mangwaro. Ba zan ɓoye muku ba, ni da digirina, akwai ranar da na zauna ina tunanin ko maganar Yaya Markus na da ƙamshin gaskiya, domin wace irin cuta ce ke sanin Funtua da ƙauye?

Zuwa na uku na tafi da kakarku, Inna Saratu, za a duba mata ido. Da muka gama sai ta ce ba za ta zauna a tasha ba, muka tafi shagon tare. Malam Aminu ya ba ta benci da ruwan sanyi. Ta zauna da sandarta tana kallonmu. Ya gwada, ta yi. Ya ce shi dai iyakar saninsa ke nan, in na yarda ya goge komai ya sake zubawa. Na ce a'a, ina tsoron aikina.

Sai da muka wuce rabin hanya a mota Inna ta taɓa ni.

"Ishaya, shi yaron nan ba ya tsoron wuta ne?"

"Me kika gani, Inna?"

"Na ga tun kafin ya amsa gaisuwarka ya ɗaure ta da igiya a bango. Kai kuwa kullum sai ka kwance ta kake sa ta aiki."

Na buɗe baki in yi mata bayanin cewa wannan ba ya da alaƙa, batir wuta ce, wutar bango wuta ce. Sai na rufe. Na buɗe littafina a kan gwiwa. Shafi goma sha wani abu na rubuta, babu inda na rubuta ko tana jone ko ba ta jone, domin a wurina wannan ba tambaya ba ce. Tsohuwar da aka gama gaya wa cewa idonta ɗaya ya yi yana, ita ta ga abin da ni da Injiniya muka kalla sau uku ba mu gani ba.

Na kira Malam Aminu a waya tun kafin mu sauka. Ya yi salati, ya fashe da dariya.

"Kai, Malam! Irin taka kati biyu gare ta. Akwai ƙarami mai cin wuta kaɗan, akwai babba mai ƙarfi. In tana jone, babban ke aiki. Da ka zare caja sai ta kwantar da shi ta tayar da ƙaramin, don batir ya daɗe. Ƙaramin zai yi maka rubutu da kallon hoto, amma ba zai iya ɗaga ƙasar nan taka ba. Maraƙi ka ɗaura wa garma. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata shagon nata ne."

Ya ce akwai wurin da ake shiga a hana ta sauyawa, a tilasta mata babban ko babu wuta, amma batirina ya tsufa, ba zai kai mu ko'ina ba kafin ya mutu. In ana son abin ya yi a gaban jama'a, sai an jona.

Kwana biyu muka jira wuta. Ta zo wata ranar da la'asar. Na kunna kwamfutar, na riƙe kan cajar na fi minti biyar ina kallon soket. Sannan na yi addu'a na tura. Allon ya ɗauke ɗif, na ce shi ke nan na ƙone ta. Kafin in ƙirga biyar ya dawo. Na buɗe manhajar, ƙasa ta taso. Na rufe, na zare, allon ya sake ƙiftawa, na buɗe: baƙi. Na jona, ya ƙifta, ta taso. Ina jin sau bakwai na yi haka. Abin ya cika ni da mamaki. Duk tsawon lokacin nan ina ɗauke da ita a jaka, ashe halitta biyu ne a ciki suna karɓar aiki daga hannun juna cikin ƙiftawar ido, ba wanda ya gaya mini. Kuma duk wahalar nan, tsantsar kiyayewata ce ta jawo ta.

Ban ji shigowar Baba ba. Sai dai na ji numfashinsa a bayana.

"Juya ta," ya ce. "In ga gabas."

Na juya. Ya durƙusa, abin da gwiwoyinsa ba su saba yi ba a lokacin. Ya kai yatsa kusa da allon bai taɓa ba.

"Wannan kanyar ce."

"Ita ce, Baba."

"Wannan farin zaren fa?"

"Rafi ne."

Ya daɗe yana kallo. Zaren ya bi ta yamma da kanyar, babu yadda za a yi a gan shi a wani wuri. Can sai ya ce, a hankali, kamar ba da ni yake ba, ya tuna yana ƙarami ƙwarai an taɓa ɗauke shi a kafaɗa an ƙetare ruwa da shi don a tsinko masa kanya. Ya ce duk shekarun nan yana ɗauka mafarki ne.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Zariya."

Na zaci zai yi faɗa. Na ce masa, kuma wannan ita ce magana mafi muni da na taɓa yi, ba wanda ya san an gano matsalar sai ni da Inna da mai gyara. In na je na kunna ta ba wuta, baƙi za ta yi, ba kuma wanda zai ce na taɓa wani abu.

Ya dafa kafaɗata ya miƙe.

"Na biya maka makaranta don ka koyo yadda ake rufe ido? Ka nemo wuta."

Ranar zama na biyu babu wutar gari. Baba da kansa ya je ya aro janareta wurin mai shagon aski, Malam Aminu kuma ya aiko mini da na'urar daidaita wuta a motar haya. Duk da haka na kasa jonawa, domin ƙarar injin tana hawa tana sauka, ni kuwa ban taɓa haɗa kwamfutata da janareta ba. Na tsaya da cajar a hannu. Baba ya karɓe ta ya jona da kansa a gaban kowa. Allon ya ɗauke. Wani ya ce, "An kuma." Sannan ya dawo.

Ƙasar ta taso a hankali, na juya ta, dattawa suka matso har kawunansu na haɗuwa. Ba rafin suka fara nema ba. Wani ya ga tsohuwar hanyar kasuwa da gonaki suka cinye. Wani ya ga kurmin da aka sare. Wani tsoho, in ban manta ba Malam Ɗanjuma maƙeri ne, ya nuna wasu 'yan ɗige-ɗige a gefen tudu ya ce nan ne gidansu na da, ga ɗakin uwarsa, sai ya ja rawani ya rufe fuska. Mutanen da suka zo rigima suka koma suna kiran sunayen matattu. Ni da na haɗa abin da hannuna, na san awo ne da lissafi, amma na tsaya ina kallo kamar ban taɓa gani ba.

Baba ne ya katse. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba kanyar, a duba ruwa." Aka duba. Ba wanda ya yi gardama. Dagaci bai ma gama magana ba Baba ya ce ya ji, ya kuma yarda, zai cire rakensa in ya nuna, daga nan ƙasa ta koma.

Alhaji Sale bai yi murna a fili ba. Ya zauna yana jan carbi, kansa a ƙasa. Da aka fara watsewa ya zo ya tsaya gaban Baba, suka kalli juna.

"To, bawana," in ji Alhaji, "shekara nawa kana noma mini gona ban sani ba?"

"Ai shi ya sa ka yi tumbi," in ji Baba. "Zo ka ɗaukar mini injin nan mu mayar, ubangidanka ya gaji."

Su biyu suka ɗauki janaretan, kowa da hannu ɗaya, suna tafe suna zagin juna.

Ba a nan abin ya ƙare ba, kuma ba zan yi muku kwaskwarima ba. Gindin Kanya ce ke ciyar da gidan Yaya Markus da rani. Bayan ta tafi sai da ya riƙa zuwa ƙwadago har wajen Musawa. Ya daina yi mini magana. Shekara shida muna haɗuwa a coci yana kau da kai, sai ranar da muka binne Baba ya miƙo mini hannu a bakin kabari, shi ma bai ce komai ba. Ban ga laifinsa ba. Shi ya biya kuɗin gaskiyar da ni na ɗauko, ni kuwa albashina bai ragu da ko sisi ba. In kun je gidansa ku gaishe shi da ladabi, kada ku ɗauki wannan babi ku kai masa a matsayin hujja.

Kwamfutar tana nan cikin akwatin ƙarfe a ɗakina, batirinta ya mutu tuntuni, sai a jone take tashi. Abin da nake so ku riƙe shi ne: ban sayar da fadama ba, ban kuma toshe na'ura ba. Amma na so ta toshe, kuma da bakina na ba da shawarar a bar ta a toshe. Wanda ya jona wutar kakanku ne. Wadda ta ga igiyar kakarku ce.

Cikin waɗanda suka zauna a zauren nan, da yawa sun riga mu. Amma Malam Aminu yana nan Funtua, 'ya'yan Alhaji Sale suna nan, Yaya Markus ma Allah ya ja kwanansa. Duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, ya ga na ƙara ko na rage, ko na sa magana a bakin da ba nata ba, ina roƙonsa ya aiko mini in gyara tun ina da ido. Musamman Yaya. In ya ce ba haka aka yi ba, a rubuta nasa a ƙarƙashin nawa, kada a goge ko ɗaya.